Tabarau Ta Bayan Zana

Akwai wani mutum a Madarumfa, can wajen shekarar 1954, lokacin Faransawa na riƙe da ƙasa, ana ce masa Ɗan Azumi mai awon ido.

Shekara tara ya yi yana bin wani likitan ido Bature, wanda mutanen ƙasar ke kira Lokotoro. Shi ke ɗaukar kaya, shi ke tafinta, shi ke riƙe kan marar lafiya idan za a duba. Da Lokotoro ya ga ya ƙware, sai ya yi masa jarrabawa a Maradi, ya ba shi takardar izini mai hatimi, da wani akwatin katako cike da gilasan gwaji da tabarau iri-iri. Ya ce ya koma garinsu ya riƙa auna idon mutane.

Ranar da ya miƙa masa akwatin, sai da ya sa shi ya maimaita sharaɗin aikin har sau uku. Ba a ba mutum tabarau sai an buɗe idonsa an duba, an juya fatar idon an ga abin da ke ƙarƙashi. Ba a yarda da "na gani" ta fatar baki. Ciwon da ya fi ƙarfin tabarau kuwa, a turo mai shi Maradi tun da wuri. Wanda ya karya wannan, za a karɓe takardar da akwatin.

Zancen "na gani" ɗin nan, wallahi Baturen nan ya san mu. Ku ma kun san halinmu. Mutum na kwance ko kai ba ya iya ɗagawa, ka ce masa yaya jiki, sai ya ce da sauƙi. To haka ake yi a wajen awon ido. Ka ɗora wa dattijo gilashin da ko raƙumi ba zai hango da shi ba, ka tambaye shi, zai ce ya gani, don kada ya ba ka kunya bayan ka wahala.

Shi ya sa akwai wani allo da aka zana hannuwa a jikinsa, manya a sama, ƙanana a ƙasa, wani na nuna sama, wani ƙasa, wani gefe. Mutum zai zauna daga nesa, a nuna masa zane, shi kuma ya kwaikwaya da hannunsa. Baki yana iya yin kara, amma hannu sai ya tona asiri.

Ɗan Azumi ya riƙe wannan sharaɗi da ƙarfi, har yana alfahari da shi.

Wata rana Illo masunci ya zo rumfarsa ta kasuwa daga bakin tabki, ya ce ɗinkin koma ya fara gagararsa. Aka ɗora masa gilashin farko.

"Yaya, Illo?"

"Na gani, Malam. Tas!"

"To nuna mini."

Illo ya ɗaga yatsu sama da ƙarfin hali, alhali zanen ƙasa yake nunawa. Duk rumfar aka kwashe da dariya.

Ɗan Azumi ya ce, "Ni ba surukinka ba ne, Illo. Bar jin kunyata, hwaɗa mini gaskiya."

Haka ma da wani attajiri na garin Ɗan Issa ya aiko baransa a ba shi tabarau irin na manya, Ɗan Azumi ko akwatin bai buɗe ba. Ya ce, "Koma ka ce mishi ya taho da idonshi."

Amma aiki yana cin mutum. Daga Ɗan Issa har garin Sarkin Yamma shi kaɗai ne mai wannan akwati. Ranar kasuwa tun hantsi layi ke kamawa, har la'asar sakaliya bai miƙe ba. Idanu masu kwantsa, idanu masu ruwa, ga ƙuda, ga tambaya guda da zai maimaita sau ɗari. Bayansa ya riƙe saboda sunkuyo. A shekara ta huɗu Ɗan Azumi ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Ya daina tsokanar mutane. Yana yin aikin daidai, amma ransa ya fita daga ciki.

A cikin wannan hali, ana tsakiyar zafin bazara, surukarsa ta zo daga Sarkin Yamma. Sunanta Inde, ita ce uwar matarsa Lantana. Tsohuwa ce mai kaɗin zare, wadda masaƙa ke rububin abawarta.

Shekara goma sha huɗu da auren, Inde da Ɗan Azumi ba su taɓa haɗa ido ba. Idan ya je gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, kansa a ƙasa, ita kuma ta ja mayafi ta juya fuska bango. Idan suka hangi juna a hanya, ɗaya ya ratse cikin gona. Ba gaba ba ce, girmamawa ce, kuma duk garin ana yaba su a kan haka.

Ranar ta dace da kasuwa. Ya shigo gida bayan la'asar yana jan ƙafa, ya ajiye akwatin a zaure, ya jingina da bango. Lantana ta kawo masa fura, ta tsuguna.

"Malam, Inna ce ta taho. Idonta ka damunta. Ta ce kamar an zuba mata yashi, ga ruwa, zare ma ba ta ganinshi sosai."

Ya san abin da ya kamata. A fito da ita haske, ya zauna gab da ita, ya kama haɓarta, ya juya fatar idon da yatsa. Surukarsa!

"Ba za ta yarda in duba ba," in ji shi.

"Ita ma haka ta ce. Ta ce ko da wasa. Tabarau ɗai taka so, irin wanda ka ba Illo."

Akwai hanya. Yana iya rubuta takarda a kai ta Maradi wani ya duba. Amma wannan na nufin neman jaki, da rufe rumfa kwana biyu, da lallashin tsohuwa. Ya dubi akwatin, ya dubi ƙafafunsa da suka kumbura. Ya ce a ransa, tsufa ne kawai, mai kaɗin zare idan ta haura sittin ai dole ido ya rage.

Sai ya ce, "Shimhiɗa mata tabarma bayan zana."

Haka aka yi awon, jama'a. Shi a zaure, ita a tsakar gida, zana a tsakaninsu, Lantana na kai da kawowa da gilashi a hannu kamar mai dillancin aure. Allon hannuwan nan yana jingine a kusurwa, ba a ko kaɗe masa ƙura ba.

"Mi ta ce?"

"Ta ce da sauƙi."

Ya canza wani.

"Wanga hwa?"

"Ta ce madalla, ta gani. Ta ce Allah shi yi maka albarka."

Ya san darajar wannan amsar. Babu wanda ya fi shi sani a duk ƙasar. Amma ya gaji, kuma amsar ta yi masa daɗi, don ta sallame shi. Ya zaɓo tabarau mai kyau, ya goge, ya ba Lantana ta kai.

Inde ta koma Sarkin Yamma da tabarau a fuska, mata na fitowa kallo. Aka yi ta cewa ta yi sa'ar suruki. Labarin ya dawo kunnen Ɗan Azumi, ya yi murmushi, wani abu ya ɗan soke shi a ƙirji, ya share.

Damina ta sauka, hanya ta lalace, kowa ya shiga gona. Duk wanda ya zo daga can aka tambaye shi jikin Inna, sai ya ce ta ce da sauƙi.

Sai da kaka, wata takwas ke nan, ɗanta Tanko ya kawo ta bisa jaki. Ya ce ta zo sauka daga rumbu ta kuskure matakala. Ta daina kaɗi tun tsakiyar damina, ba ta gaya wa kowa ba, sai ta riƙa cewa auduga ce ba ta da kyau bana.

Lantana ta shiga ta cire mata tabarau don ta wanke mata fuska. Ɗan Azumi yana zaure ya ji salatin matarsa. Ta fito da gudu, tana kuka.

"Malam, idon hagu ya yi hwari! Hwari hwat!"

Ya zauna ya daɗe, yana kallon zanar nan. Sannan ya tashi ya wanke hannu da sabulu, ya cire takalmi, ya yi abin da bai taɓa yi ba cikin shekara goma sha huɗu. Ya zagaya zanar, ya shiga.

Inde ta ji takunsa, ta yi sauri ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Subhanallahi! Ke, ce mishi ya hita."

Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ki gahwarce ni. Yau ba suruki ya shigo ba, mai awon ido ne. In kin so ki tsine mini bayan na gama, amma sai na duba."

Lantana ce ta sa hannu a hankali ta janye mayafin.

Ya kama haɓar tsohuwar ya juya ta wajen haske. Idon hagu hakiya ta rufe shi, ya tafi, babu abin da zai dawo da shi. Ya juya fatar na dama. Abin da ya gani shi ne abin da zai gani tun bazara da ya duba: fatar ta tattare ta lanƙwashe ciki, gashin idon ya juya yana kartar ƙwayar duk ƙiftawa. Ciwo ne da ya gani sau ɗaruruwa yana bin Lokotoro. Ɗan aiki ne na wuƙa, ko rabin sa'a ba ya kaiwa. Tabarau ba ya yi masa komai.

Wata takwas tana ƙifta ido a kan ƙaya, tana cewa da sauƙi.

Idon dama yana gani tukuna, amma gefensa ya fara dushewa. Ya ce gobe da safe za su Maradi, don Lokotoro na gari, kuma saura kwana biyu ya wuce rangadi, ba zai dawo ba sai baɗi.

Inde ta ce, tana magana da bango, "Ba ni zuwa. Na ji labarin sharaɗin Nasaran nan. In ya ji ta bayan zana aka auna ni, zai amshe akwatin. Da mi za a ci da jikokina? Ni na ga duniya, ta ishe ni."

Ya ce, "Inna, akwatin don ido aka ba ni shi."

Da gari ya waye an same ta ta ɗaure ƙullinta.

Suka hau kamyo, wato babbar mota mai ɗaukar gyaɗa, su uku bisa buhuna, rana na dukansu har Maradi. A bakin asibiti mutane sun fi ɗari biyu a zaune ƙarƙashin itatuwa, kowa da tsumma a ido. Lokotoro shi ma ya gaji, ya rame, fuskarsa ta yi ja. Da ya ga tsohon yaronsa sai ya yi murna, ya ce ya shigo da tsohuwar, ya kuma yi tafinta da kansa, don mai tafintar ya tafi cin abinci.

Abin da Ɗan Azumi bai sani ba, da asuba Inde ta ɗauki hantsaki ta tsige gashin idon nan ɗaya bayan ɗaya, ta rambaɗa kwalli, ta bar tabarau a ƙarƙashin tabarma a Madarumfa. Idon ya kwanta, ya yi kamar lafiyayye.

Lokotoro ya leƙa da sauri, ya tambaya yaushe na hagu ya mutu, kuma ko wani ya taɓa duba ta.

Inde ta ce, "Ce mishi na hagu tun ina budurwa yake haka. Na dama kwana kaɗan ne, kuma da sauƙi. Ba wanda ya taɓa duba ni."

Lokotoro bai jira fassara ba, ya riga ya miƙa hannu wajen man shafawa. Ya ce da Faransanci, in tsohon tabo ne, to a ba ta wannan ta dawo baɗi. Yana da mutum arba'in da ke jiran wuƙa, kuma ba zai iya gama su ba.

To ga Ɗan Azumi a tsaye tsakanin mutum biyu da ba sa jin harshen juna. Tsohuwar ta share masa hanya da hannunta. Abin da zai yi kawai shi ne ya faɗi abin da ta ce, kalma da kalma, ko ƙarya ba za a ce ya yi ba. Su karɓi mai, su hau kamyo, akwatinsa na nan yana jiransa. Baɗi kuwa, ya san babu idon da za a kawo.

Ya juya wajen Lokotoro, wanda yake kira Mushe, wato yallaɓai da Faransanci, ya ce, "Mushe, abin da ta faɗa don ta rufa mini asiri ne. Surukata ce. Wata takwas da suka wuce idanunta biyu suna gani. Ta zo wurina, na ba ta tabarau ban duba ta ba. Ta bayan zana na auna ta, ban juya fatar ido ba, ban sa ta gaban allo ba. Gashin kuma jiya na gan shi, da alama yau da safe ta tsige shi. A sake dubawa."

Lokotoro ya ajiye man. Ya jawo fitila, ya juya fatar idon da kyau, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago ya dubi Ɗan Azumi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da ya fi sauƙi.

"Shekara tara," in ji shi. "Me ya sa?"

"Kunya, Mushe. Da gajiya."

"Ni ma na gaji. Kunyar taku kuma na san ta, ba na raina ta. Amma in ba za ka iya duba ido ba, sai ka turo wa wanda zai iya. Wannan ma ai yana cikin abin da na koya maka."

Ya kira ma'aikaci ya ce a shirya tsohuwar, ita ce ta gaba. Sannan ya miƙa hannu. Ɗan Azumi ya zaro takardar izinin daga aljihun rigarsa, ya ɗora masa a tafin hannu. Aka ce ya aiko da akwatin, a sake magana bayan shekara guda in an ga hali.

Inde ba ta jin Faransanci, amma ta ji ƙarar takarda. Tana tafiya a hannun ma'aikacin tana cewa, "Ya hwaɗa. Wawan yaron nan ya hwaɗa."

Kwana biyar suka yi a Maradi, suna kwana a rumfar 'yan jinya. Labari ya riga su isa Madarumfa. Wasu suka ce ya kashe idon surukarsa, wasu suka ce ya taɓa fuskarta, rashin kunya ke nan, wasu kuma suka ce wautar tona wa kai asiri ce ta fi ba su haushi. Kowa da laifin da ya zaɓa masa.

Ranar da za a kwance ƙyallen da aka ɗaure mata ido bayan aikin, Lokotoro ya riga ya wuce, ma'aikacin da ya bari ne ya warware. Ɗan Azumi ya ja baya wajen ƙofa ya sunkuyar da kai, kamar yadda ya saba.

Inde ta ƙifta, ta sake ƙiftawa. Babu karta.

Lantana ta ce, "Inna, kin gani?"

"Na gani, madalla."

Ɗan Azumi bai ɗago kai ba, amma ya ce, "Inna, ban yarda ba. Ki nuna mini." Ya ɗaga hannunsa daga can bakin ƙofa, yatsu suna kallon ƙasa.

Tsohuwar ta ɗaga nata, ta juya yatsu ƙasa. Ya mayar gefe, ta mayar gefe. Ya rage yatsu biyu, ta rage biyu. Lantana ta fashe da kuka.

Sai Inde ta ce, "Matso nan."

Ya matso, kai a ƙasa.

"Ɗago. Kai ka riga ka ga nawa, bari in ga naka."

Ya ɗago. Ta dube shi da idon nan guda, ta daɗe tana kallo, daga furfurar da ta fito masa a gefen kunne har kwarmin idonsa.

"Ashe haka kake," in ji ta. "Shekara goma sha huɗu ina jin muryarka, na zaci ƙato ne. Ɗan nan, ka gaji ƙwarai."

Nan Ɗan Azumi ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu, ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa.

Shekarar nan noman gyaɗa ya yi da hauya, kamar kowa, ana nuna shi a kasuwa. Inde ta koma kaɗinta. Da shekara ta zagayo aka mayar masa da akwatin, tsofaffin matan Sarkin Yamma ne suka fara cika rumfarsa, don Inde ta bi su gida-gida tana cewa su je a buɗe idon a duba, su bar kunya a ƙofa tare da takalmi. Zaren farko da ta kaɗa ta ba masaƙi, aka yi masa riga.

Idon hagu dai bai dawo ba. Duk lokacin da ya je gaishe ta, yanzu yana ɗaga kai, kuma farin idon nan ne yake fara gani.

Darasi: Duk wanda aka ba izinin taɓa lafiyar mutane, amana aka ba shi, kuma kunya, gajiya ko dangantaka ba sa sauke ta. In ba za ka iya yin aikin yadda ya kamata ba, ka tura wa wanda zai iya tun da wuri. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka faɗa da bakinka, ko da za ka rasa kujerarka, don takarda tana dawowa amma ido ba ya dawowa. Mu kuma marasa lafiya, mu daina ce wa likita da sauƙi alhali muna cikin wuta. Ku tura wa masu awon ido da ma'aikatan lafiya da kuka sani, ku kuma karanta wa iyayenmu da ke ɓoye ciwo don kada su dame mu.